Butar da Na Fizge Daga Hannunka

Adjame Sen-Mishel,
Lahadi, bayan la'asar.

Idrisu ɗana,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ka gaisuwar uba, duk da cewa bango ɗaya ne tsakanina da kai, har ina jin yadda kake cusa kaya cikin jaka kamar wanda aka kora daga gidan haya. Allah ya kai ka Asini lafiya, ya tsare ka a mota da wurin aiki, ya haɗa ka da ubangida mai tsoron Allah. Uwarka ma tana gaishe ka, ko da yake ita ba ta da damuwa, kana yi mata magana. Ni ne ka ɗauke wa wuta tun ranar Alhamis.

Na koma rubutu ne domin na gaji da yi wa ƙeyarka magana. Da na buɗe baki sai ka cusa abin nan na waya a kunne, ka ce mini, "Papa, laisse, je gère." Wai ka iya. Wata huɗu kacal ka yi kana bina gidajen mutane muna gyaran ruwan fisin, tafkin wankan masu hali, amma har ka sauke karatu, ni kuwa da na shekara ashirin da bakwai ina shaƙar kulor, maganin tsabtace ruwan, na zama tsohon yayi. Kuma da gangan na rubuta da Hausa. Na san da Faransanci ne da ka haɗiye takardar a numfashi ɗaya ka ninke ta. Hausa kuwa dole ka bi ta kalma-kalma kana motsa leɓe, abin da nake so ke nan.

Ga abin da ya haɗa mu, in kai ka fara mantawa. Ranar Alhamis a gidan likitan nan na Kokodi, na fito daga ɗakin injin na tarar ka ɗauki butar alwala daga gindin famfo, ka ɗura mata asid, kana zagaya bakin fisin kana tsiyayawa ta hancinta, har da 'yar waƙarka. Na fizge ta, na juye a ruwa, na sa wuƙa na farke cikinta, na kira ka sakarai a gaban mai dafa abincin gidan da 'yar maigidan. Na ga yadda fuskarka ta yi. Ka ce mini ai hancin buta ya fi zubarwa daidai, ba ya fantsama. Gaskiyarka ce, babu abin da ya kai buta daɗin zuba asid, na riga ka sani. Na kuma ji ka a tsakar gida kana gaya wa ƙannenka cewa ciwon butar tsoho ne ya motsa, tunda kun daɗe kuna yi mini dariya don ba na alwala da ruwan da na tarar a buta, ko a masallaci ne, sai na zubar na cika da hannuna. Kun sa mini suna mai waswasi, ina jin ku.

Gobe za ka tafi ka riƙe fisin ɗin masaukin baƙi kai kaɗai. A can babu wanda zai fizge komai daga hannunka, kuma in na bar ka ka tafi ba ka san dalilina ba, na tabbata kafin sati ya zagayo ka sayi wata butar. Wannan ne ya hana ni sukuni. Zan gaya maka dalilin, amma sai ka yi haƙuri ka bi ni ta doguwar hanya, domin ba a rana ɗaya na yi wautata ba. A hankali na jera ta, yadda na ga kana jera taka.

Ka san gidanmu gidan mahauta ne. Kakanka a kasuwar Adjame yakan ɗaga tsoka a hannu ya ce kilo ɗaya da kwata, a ɗora a sikeli a ga haka ne, kuma a ganinsa don masu gardama aka yi sikeli. Na tashi da wannan hannun da wannan girman kan. Da na bar teburin nama na samu aiki a gidan wani ɗan kasuwa a Treshbil, can kusa da bakin ruwa, Madam ɗin gidan ta miƙo mini ɗan akwatin gwaji mai kwalaben ɗigo biyu, ta nuna mini yadda ake yi. Na ce to. Na kai shi ɗakin injin na ajiye a kan taga, na ce a raina ɗan mahauci ba ya buƙatar kayan wasan yara kafin ya gane ruwa. Ina duban ruwa da ido, in sansana, in watsa magani da hannu yadda uwarka ke watsa gishiri a miya. Ruwan kuwa ya yi garau, kana iya ƙirga layin tayil a can ƙasa.

Sai ranar da 'ya'yan gidan suka gayyato abokansu wanka. Kafin awa guda yara sun fito suna kuka, ido ja wur, jiki na ƙaiƙayi. Madam ta kira ni, ta ce, "Lawali, tu as mesuré?" Na ce na duba da safe. Ta ce ba dubawa ta tambaye ni ba, aunawa ta ce. Ta aika aka ɗauko akwatin, ga ƙura ta rufe shi, ta ɗiga da hannunta a gabana, ruwan gwajin ya koma rawaya. Ashe ruwan ya yi tsami fiye da kima, har ya fara cin tsanin ƙarfe ban lura ba. Na tsaya kamar an dasa ni, iyayen yaran suna ta maganata da Faransanci suna zaton ba na ji.

Saboda haka ka ji da kyau: idonka ba ma'auni ba ne, hancinka ma haka. Kullum da safe, kafin ka taɓa raga ko buroshi, ka auna. Ka ɗauraye kwalbar gwajin da ruwan fisin ɗin, ka nutsa hannunka har gwiwar hannu, nesa da inda injin ke feso ruwa. Ka riƙe ɗigon a tsaye, ka ƙirga da baki, don na sha ganin ka ɗiga uku ka ce biyar. Ka duba launin a inuwa, da farin abu a bayansa. Pe-ash, wato ma'aunin tsamin ruwa, ya zauna tsakanin bakwai da ɗigo biyu zuwa bakwai da ɗigo shida. Kulor kuma tsakanin ɗaya da uku. Kwalaben ɗigon nan kada ka bar su a rana ko a aljihun wannan matsattsen wandon naka, lalacewa suke yi su koma yi maka ƙarya. Sannan maganar nan taka ta "ça sent propre", wai ƙamshin tsabta ne, duk lokacin da warin kulor ya cika wuri, don Allah ka daina, kunya take ba ni a gaban mutane. Wannan warin na kulor ɗin da ya riga ya gaji ne, ya gauraya da gumi da fitsarin yara. Fisin mai lafiya kusan ba shi da wari.

Da na koyi aunawa sai na faɗa wata wautar. Damina ta shigo, ka san ruwan garin nan in ya tashi sauka, kwana uku ba ya ɗagawa, har mahaɗar Indeniye ta zama kogi. Na auna na ga pe-ash ya faɗi. Na zuba maganin ɗagawa, ya haye sama. Na zuba asid, ya rufto ƙasa. Sati uku ina haka safe da yamma, kamar mai korar akuya daga wannan kusurwa zuwa waccan. Abin ya sha mini kai har na fara zargin ko wani ne ya sa wa aikina hannu. Uwarka ta ce ko a karɓo rubutu a zuba a ciki, kuma in gaya maka gaskiya na kusa yarda.

Wata tsohuwa mai shagon magungunan ruwa a Treshbil ce ta cece ni, don ta gaji da ganin fuskata. Ta sauke tabarau ta ce, "Mon fils, asid ɗin nan da kake saya kullum, miya kake yi da shi? Tak ɗinka nawa?" Na ce mata ni ban san wani mai suna Tak ba. Ta yi dariya har da tari. Ta ce akwai wani abu a cikin ruwa da ke riƙe shi kada ya riƙa tsalle-tsalle, shi suke kira tak, in ya yi ƙasa to ɗan ruwan sama ko ɗan asid kaɗan ya isa ya birkita komai. Ta sayar mini da abin auna shi, ta haɗa mini da bikarbonat, irin dai wanda mata ke sa wa wake. Kwana biyu ruwan ya zauna lafiya kamar ba shi ba.

To kai ma na ga alamar ciwon nan a jikinka. Kana ganin lamba ta kauce sai ka ruga ka ɗauko jarka. Abin yana da tsari, kuma ba ni na ƙirƙiro shi don in ɓata maka rai ba. Tak ne farko, ya kasance tsakanin tamanin zuwa ɗari da ashirin. Bayansa pe-ash. Kulor shi ne na ƙarshe. Magani ɗaya a lokaci ɗaya, kuma rabin abin da zuciyarka ta raya maka. Ka bar injin ya juya ruwan awa huɗu ko fiye, ka je ka share ganye, ka yi duk abin da za ka yi, sannan ka dawo ka sake aunawa. In bai isa ba ka ƙara. In ka zarce kuwa, babu cokalin da zai kwaso maka shi, sai dai a zubar da ruwa, ubangidanka yana tsaye yana kallonka. Na kuma ji cewa a wajen Asini da ruwan rijiya ake cika fisin, wani yana da ƙarfe a cikinsa, da ka zuba masa kulor sai ya koma kalar shayi. In ka ga haka kada ka firgita ka ƙara zubawa. Ka bar matacin ruwan da ke ɗakin injin ya yi aikinsa, ka riƙa wanke yashinsa.

Yanzu ga wautar da ta bar mini tarin nan da uwarka ke ɗora wa fanka da ruwan sanyi. An ɗauke wuta kwana biyu injin bai juya ba, fisin ya wayi gari kore shar da gansakuka, ga maigida yana da baƙi washegari. Hankalina ya tashi. Na yi ta antaya kulor ba tare da na duba pe-ash ba, alhali ya haura takwas, kuma in ya hau can kulor ragon banza yake zama, ko buhu ka zuba ba ya aiki. Ruwan ya koma kamar kunu. Da na farga sai na ruga ɗakin injin in ɗebo asid, ƙofa ta rufo a bayana, na ɗauki moɗar da na gama ɗibar garin kulor da ita na tsiyaya asid a ciki. Idrisu, wani hayaƙi ne ya taso ya shaƙe ni, ƙirjina ya kama da wuta, da rarrafe na fito. Kwana huɗu ina kwance, kuma ka ga har yau in na hau matakala sai na tsaya a tsakiya.

Kada kulor da asid su taɓa haɗuwa, ko a moɗa, ko a bokiti, ko a kan shiryayye ɗaya. Kowanne da ma'auninsa, kowanne da kusurwarsa. Magani ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa a kan magani. Ƙofar ɗakin injin a buɗe take in kana ciki, ka tokare ta da dutse. Safar hannu da tabarau ɗin da na saya maka kuwa, waɗanda ka ce suna sa ka kama da mai walda, ka sa su. 'Yan matan da kake tsoron su gan ka a haka ba za su zo jinyarka ba.

Ka lura da abin da ya biyo baya, domin nan ne nake son kai ka tun farkon takardar. Da na warke sai na yi rantsuwa ba zan ƙara haɗa ma'aunin asid da na kulor ba. Na ce dole in nemo wa asid mazubinsa shi kaɗai, wanda ba ya fantsama, wanda za a iya zagayawa da shi a bakin fisin. Na yi tunani, na yi tunani, sai na ji daɗin hankalina. Na tsaya a Adjame na sayi buta.

Maigadin gidan ɗan kasuwar nan ka san shi. Baba Idi ne, takwaranka, mai sayar da carbi da turare a bakin tashar jirgin ruwa ta Treshbil, wanda nake kai wa nama duk Juma'a. Lokacin idanunsa biyu lafiya lau, ƙato ne, ƙofar ƙarfen gidan da hannu ɗaya yake tura ta. Tare muke cin abinci a inuwar gareji, yana tsokanata yana kirana Sarkin Ruwa. Butarsa kore ce mai ratsin fari. Tawa ma kore ce mai ratsin fari, tunda duk butocin kasuwar nan uwarsu ɗaya. Na ga sun yi kama, na ce ba komai, ai tawa a ɗakin injin take kwana. Wata biyar ina aiki da ita ba abin da ya faru, har ina nuna wa abokan sana'a dabarata.

Ranar wata Talata ce, ana kiran la'asar. Na cika butar na fara zagaye, sai Madam ta leƙo ta taga ta ce in zo in ɗauke mata tukunyar gas daga mota. Na ce a raina minti biyu ne. Na dire butar a gindin famfo, a daidai inda kowa ke dire buta, na tafi. Asid ɗin da muke aiki da shi a gidan irin wanda ba shi da wari ne, fari tas kamar ruwan sha. Idi ya taho daga ƙofa da sauri yana so ya yi salla kafin motar maigida ta iso. Ya tsuguna, ya yi bisimilla, ya wanke hannu. Daga baya ya gaya mini ya ji ɗumi, amma ya ɗauka rana ce ta dafa butar, yadda takan yi kullum. Ya kai baki.

Na girma a mayanka, na san kukan dabba iri-iri, amma ban taɓa jin ƙara irin wadda na ji daga bayan gidan nan ba. Na saki tukunyar gas na ruga. Na tarar ya tofar, ya kai hannuwan fuska yana murza ido, abin da bai kamata ba ke nan, amma wa zai yi tunani a wannan hali? Na rungume shi muka faɗa cikin fisin tare. Na riƙa danna kansa cikin ruwa ina buɗe masa ido da yatsuna yana dukana. Na jawo shi waje na sakar masa tiyo a fuska da baki. Mai dafa abinci ta fito da manja da ɗanyen ƙwai za ta shafa masa, na daka mata tsawar da ba ta manta ba har ta bar gidan. Wannan kaɗai ne abin da na yi daidai a ranar. Likita ya ce ruwan ne ya ceci idon dama da maƙogwaro. Na hagu kuwa ya tafi, leɓen ya zama yadda ka san shi, hannuwan ma haka.

Mun ce muku batirin mota ne ya fashe masa. Ƙarya ce, ni na shirya ta.

Da ya fara iya magana, maigida ya zo asibitin ya tsaya a kansa, ni ina gefe, ya ce yana so ya san yadda aka yi asid ya fito daga ɗakin injin. Na buɗe baki, wallahi na buɗe, amma Idi ya riga ni. Da wannan kumburarren bakin ya ce shi ne ya nemi butarsa ya rasa, ya shiga ɗakin injin ya ɗauko wadda ya gani, alhali na sha gargaɗinsa. Maigida ya dube ni ya ce, "C'est vrai? Haka aka yi?" Na sunkuyar da kai, na yi shiru, shirun ya zama amsa. Da aka fita na ce masa, "Idi, me ya sa?" Ya ce, "Cikin matarka wata bakwai ne, Sarkin Ruwa. Idon ya riga ya tafi, ko an kore ka ba zai dawo ba." Bayan wata uku maigida ya ce yana buƙatar maigadi mai ido biyu. Idi ya ɗaure tabarmarsa ya fita, ni na ci gaba da aiki a gidan har shekara shida.

Cikin nan kai ne. Ranar sunanka kakanka ya zauna a gaba ya ci ado yana jiran ya ji sunansa, kamar yadda aka saba a gidanmu, sai ya ji liman ya ce Idrisu. Wata guda bai amsa gaisuwata ba, ya rasu kuma bai san dalili ba. Uwarka kaɗai ta sani. Kai kuma shekara ashirin da huɗu kana amsa sunan, mutumin yana kiranka takwara yana cusa maka alewa a aljihu, ba ka taɓa tambayar abin da ya sa aka tsallake kakanka aka ba ka sunan maigadi ba. Ba laifinka ba ne, ni ne na tabbatar ba ka da abin tambaya.

To yanzu ka san abin da na gani ranar Alhamis. Na fito daga ɗakin injin na ga kore mai ratsin fari a hannunka, ga famfo a bayanka, ga maigadin gidan likita yana naɗe hannun riga don azahar ta yi. Ka ce na yi hauka. E, na yi.

Ga abin da nake so. Asid yana zama a jarkarsa ta asali, da takardarta a jiki, a ɗaki mai kwaɗo, makulli a aljihunka. Ba ya shiga buta, ba ya shiga robar ruwan sha, ba ya shiga kwalbar lemo, ba ya shiga duk wani abin da mutum zai iya kaiwa baki ko fuska, ko da na minti ɗaya ne, ko da kai kaɗai ne a gidan. In kana zubawa aka kira ka, ko wane ne, ya jira. Ka gama, ka ɗauraye, ka kulle, sannan ka amsa. In an yi maka faɗa a kan jinkiri, ka sha faɗan. In ya taɓa jikin wani, ruwa, ruwa mai yawa, minti ashirin ba tsayawa, kada ka bari kowa ya matso da manja ko man goge baki, sannan asibiti. In kuma Allah ya ƙaddara hannunka ya cuci wani, ka buɗe baki ka ce ni ne, tun kafin wani mai kirki ya riga ka. Asid ɗin kuskure ne, na nemi gafara a kansa ina kuma sa rai. Shirun da na yi a asibitin nan shi ne har yau ban san inda zan ajiye shi ba.

Shekaranjiya bayan sallar Juma'a na je wurinsa da ƙullin nama kamar kullum. Ya dube ni da idon ya ce me ya same ni. Na gaya masa abin da ka yi da abin da na yi. Ya yi dariya har carbin da ke hannunsa ya faɗi, ya ce, "Takwara ya gaji ubansa ke nan. Ka gaya masa?" Na ce a'a. Sai dariyar ta tsaya. Ya ce, "Lawali, shekara nawa kana kawo mini nama? Haƙoran ma sun ƙare, maƙwabta nake ba. Ni ban ba da idona don ka riƙa yi mini cefane ba. Yaron zai tafi inda akwai masu gadi, kuma su ma suna alwala. Ka gaya masa, ka turo mini shi." Na hau gbaka, 'yar bas ɗin haya, na dawo, tun daga Treshbil har Adjame ban san inda muka bi ba.

Motar Asini daga Treshbil take tashi, don haka ba ka da uzuri. Ka fita da wuri, ka sauka ka taka zuwa tashar jirgin ruwa, yana nan a inuwarsa ta kullum. Ka cire abin kunnen nan kafin ka isa. Ka durƙusa ka gaishe shi da Hausa, ko da Hausar taka mai ɗingishi ce. In ya miƙo maka hannu kada ka yi saurin saki yadda ka saba. Ka riƙe, ka duba shi da kyau.

Zagin da na yi maka a gaban mutane ban kyauta ba, ka yafe mini, kai ba sakarai ba ne, hannunka ma ya fi nawa sanyi a aiki in ka ga dama. Fizge butar kuwa ban yi nadama ba, gobe ma in na gani zan fizge. A gefen jakarka na ajiye jan mazubi mai dogon baki, na sa an zana masa ƙoƙon kai da fenti ta ko'ina, muninsa ya isa, ba mai ganinsa ya yi sha'awar taɓawa. Uwarka kuma ta sa maka sabuwar buta, ta alwala ce, ruwa kaɗai za ta sani.

Allah ya kiyaye hanya, ya sa ka sauka lafiya ka tarar da alheri. Allah ya yi wa aikinka albarka, ya ba ka haƙurin aunawa da haƙurin jira, ya raba ka da gaggawar ubanka. Ya tsare ƙirjinka da hannunka da idanunka biyu, ya kuma tsare idon duk wani bawan Allah da zai tsuguna alwala a gidan da kake aiki. In ka isa ka kira uwarka. In ka ga dama ka ce ta miƙo mini wayar.

Wassalam.

Mahaifinka,
Lawali